Godiya ga Ma'aikatan Wani Gidan Abinci a Titin Ventura

Zuwa ga mai gida da dukkan ma'aikata,

Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne saboda abin da kuka yi wa mahaifiyata ranar Lahadin da ta wuce. Na sa wasiƙar a fili don 'yan uwa masu zuwa Los Anjeles su ma su ji.

Hajiya ta zo mana ziyara daga Kano, jikokinta suka matsa sai an kai ta Universal Studios ta ga inda ake shirya fina-finai. Wurin ya daɗe, tun 1915 Carl Laemmle ya buɗe shi, kuma tun 1964 ake zagayawa da baƙi cikin jerin motoci suna kallon bayan fage. Su kuwa yaran, hankalinsu duk yana kan sashen Super Nintendo World na wasannin bidiyo da aka buɗe a 2023. Na san in muka hau tudun da wurin yake sai yamma, shi ya sa da muka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Universal City na ce mu fara cin abinci. Da hantsi muka shigo wurinku, lokacin abin da Amurkawa ke kira brunch, wato karin kumallo da abincin rana a zama ɗaya.

Wurin cike yake maƙil. Hajiya na zama ta ja mayafinta ta rufe hanci, don ƙaurin naman alade ya cika ɗakin. Ta ce min a hankali, "Ni dai ruwa ya ishe ni." Raina ya ɓaci, domin tun asuba ba ta sa komai a bakinta ba.

Yarinyar da ke kula da teburinmu ta lura. Ta zo ta durƙusa gefen kujerar Hajiya, ta tambaye ni abin da ke damunta. Da na yi mata bayani, ta mayar da mu teburin waje inda iska ke kaɗawa, sannan ta shiga kicin. Sai ga mai girkin da kansa ya fito riƙe da kasko wankakke, ya nuna wa Hajiya ciki da baya, ya ce a nan zai soya mata ƙwai da man shanu, ba zai taɓa kusantar ƙarfen da suke gasa alade a kai ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar wake. Na riga na ce a kawo mana dafaffen wake irin na Meziko faranti uku, yarinyar ta ce kada mu ci, da kitsen alade ake yin sa. Ban tambaye ta ba, kuma da ta yi shiru ba za mu taɓa sani ba. Haka ta tabbatar lemon da aka matse wa yara babu giyar da wasu ke zubawa a ciki.

Hajiya ta cinye wainar ƙwanta da soyayyen dankali, ta sha shayi da madara kofi biyu. Har ta ciro ƙullin yajinta daga jaka ta barbaɗa, mai girkin ya roƙi ɗanɗano, ta juye masa rabi a takarda. Da ƙarfinta ta hau motar zagaye, ta yini tana kallo har la'asar.

Ta ce lallai in isar muku da addu'arta. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara kasuwa, Ya yi wa yarinyar nan albarka. Kafin ta koma gida za mu sake zuwa, in sha Allahu, kuma ta ce a faɗa wa mai girki ta ajiye masa sauran yajin.

Naku da godiya,
Ɗan Hajiya