Wasiƙar Godiya Ga Ma'aikatan Sashen Haƙoran Yara

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in yi godiya a bainar jama'a ga likita da ma'aikatan sashen haƙoran yara na asibitin gwamnati da muka kai 'yarmu a nan Kano.

Yarinyar tana da shekara 3 lokacin da haƙoranta huɗu na gaba, na sama, suka fara yin fari-fari kusa da dasashi, daga baya suka koma ruwan ƙasa suna gutsurewa. A gida kowa cewa yake a ƙyale ta, ai za ta yi famfara, kakarta kuma ta dage tsutsa ce. Ni kaina na tafi ne da niyyar a cire su mu huta.

Likita ba ta yarda da hakan ba. Ta ɗauki hoton bakin, ta nuna mana haƙoran dindindin kwance a cikin dasashi, sannan ta bayyana cewa haƙoran yarinta na gaba ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 6 zuwa 7, kuma idan ruɓewa ta kai jijiya har ta tara mugunya, tana iya ɓata haƙorin da ke jiran fitowa. Abin da ya fi ratsa ni shi ne yadda ta tambayi mai ɗakina, ba faɗa ba gori, abin da yarinyar take sha da dare. Ashe fida ce mai madara da sukari, wadda take kwana da ita a baki; haƙoran ƙasa sun tsira ne saboda harshe da yawu suna kare su.

A zuwa biyu aka gama aikin. An kankare ruɓar, aka zuba farin ciko a cikin wani ɗan kwanso mai siffar haƙori, aka kifa shi, aka haska shuɗiyar fitila har cikon ya daskare, sannan aka ɓare kwanson. Nas ɗin da ta ba ta madubi ta riƙe, tana yi mata wasa har kukan ya lafa, ita ma ta cancanci yabo.

Yanzu mun ajiye fida, muna goge mata baki safe da dare da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa), ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, kuma za mu dawo bayan wata 6 kamar yadda kuka umarta.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Mahaifin yarinyar, daga Kano