Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Historic England, hukumar kula da wuraren tarihi, kan gadojin fataken Ingila

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni baƙo ne a kwarin Kalda da ke yammacin Yokshaya, amma baƙon da ya daɗe har ya san inda ruwa ke kwanciya idan sama ta yi nauyi. Kusan kullum sai na taka tsohuwar gadar dutse da ke tsakiyar garin Hebden Bridge, wadda garin ma sunanta ya ci. An gina ta wajajen 1510 a gurbin wata ta katako, kuma har yau ana iya karanta rubutun da aka sassaƙa a jikinta na gyaran da aka yi mata a 1602 da 1657. A kanta da 'yan uwanta nake son mu yi magana.

Ranar da na fara ganinta ban ga wani abin kallo ba: ƙunci gare ta, mota ba ta bi, amalanke ma da ƙyar. Sai da wani dattijo maƙwabcina ya yi mini bayani na gane cewa don dawakan kaya aka yi irin waɗannan gadoji, masu tafiya a jere ɗaya bayan ɗaya, na gaba da ƙararrawa a wuya. Yawancinsu faɗinsu bai kai ƙafa 6 ba. Katangar gefe kuwa da gangan ake barin ta gajeriya, wani lokaci ma babu ita sam, don kada mangalar da ke rataye a gefen doki ta maƙale. Da ya zo nan sai na yi dariya, domin ni jikan fatake ne. Na san mangala, na san madugu, na san abin da ayari ke tsoro idan ya iso bakin rafi da damina. Bambancin kawai, su sun bar dutse a baya, namu kuwa sai sunayen zango.

Ka fi ni sanin abin da ya ratsa ta kan waɗannan duwatsu. Gishiri daga Nantwich da Middlewich da Northwich, farar ƙasa don gyaran gonakin tudu, kwal, da uwa uba ulu da ƙyallen da masaƙa ke saƙawa a gidajensu na kan tsauni, a ɗora wa doki zuwa Halifax, inda a 1779 aka buɗe kasuwar Piece Hall mai ɗakuna 315 don cinikin ƙyalle kawai. Kafin injin tururi, kafin hanyar ruwan Rochdale da aka haƙa don jiragen dakon kaya aka kammala a 1804, a bayan ƙananan dawakai arzikin wannan yanki ya yi tafiya. Ana yawan kiran gadojin nan na tsakiyar zamani, wato na kafin ƙarni na 16, kuma akwai na lokacin da gaske, irin gadar Gallox ta garin Dunster da ta fito daga ƙarni na 15, amma mafi yawansu na ƙarni na 17 da na 18 ne. Wannan bai rage musu komai a idona ba.

Kokena shi ne a daina kallon gada ita kaɗai. Wanda ya tsallaka ta Hebden Bridge ya ɗaga kai, zai ga hanyar da ake kira Buttress, shimfiɗe da duwatsu, ta miƙe tsaye zuwa ƙauyen Heptonstall. Na hau ta sau ɗaya da azumi a bakina, ban sake gwadawa ba. Can a kan tudu kuma akwai layukan faffaɗan duwatsu da aka jera don kada doki ya nutse a laka, kofato ya cinye tsakiyarsu har sun yi kwarmi, irin na Salter Rake Gate da sunan ma ke tuna masu gishiri. Gadar tana cikin rajistar abubuwan tarihi, tana da doka a bayanta. Waɗancan duwatsu na kan tudu kuwa ciyawa na rufe su a hankali, kuma tayar babur ɗin daji ɗaya ta isa ta tumɓuke abin da ya shekara ɗaruruwa a kwance. Ina roƙon hukumarka ta riƙa auna gada tare da hanyar da ta haife ta, a sa su cikin kariya guda.

Sai maganar ruwa. A ranar 26 ga Disamba 2015 ambaliya ta shanye tsakiyar garinmu, ta lalata gadar Elland har sai da aka sake gina ta, kwana 3 bayan ambaliyar kuma wani sashe na ta Tadcaster ya rufta. Tsohuwarmu ta tsaya, amma ba don haka za mu miƙe ƙafa ba. Abin da ke kashe irin wannan gini a ɓoye yake: ruwa na ƙwaƙule ƙasan ginshiƙi, itatuwan da ya kwaso suna toshe bakan gizon, wato ƙofofin da ruwa ke bi ƙarƙashin gadar, saiwa na shiga tsakanin duwatsu. Na san hukumarka ta daɗe tana gargaɗi cewa a yi ɗauri da kwaɓin farar ƙasa, domin siminti na riƙe danshi, sanyi ya daskarar da shi, dutse ya tsage. Gargaɗin daidai ne, amma magina masu wannan hannu nawa suka rage? A ware kuɗin koyar da matasa, kuma a duba ƙananan gadojin cikin daji, irin ta Lumb a Crimsworth Dean, kamar yadda ake duba gadar Essex mai bakan gizo 14 a kan kogin Trent.

Ƙaramin roƙo na ƙarshe: allon bayani. A rubuta wa mai wucewa abin da aka ɗauko, daga ina, zuwa ina, da kwana nawa ake yi a hanya. 'Yata mai shekara 9 ta tambaye ni dalilin da ya sa aka yi wa gadar 'yan lunguna masu kusurwa uku a gefe, na ce mata nan mai tafiya a ƙasa yake raɓewa har ayari ya wuce. Tun daga ranar, duk sanda muka zo sai ta shige lungun ta ce in wuce tukuna.

Idan hanya ta kawo ka kwarin nan, ka taho da takalmin hawa, mu bi Buttress tare. Zan jira ka a kan gadar.

Naka,
Wani Bahaushe mazaunin kwarin Kalda