Haddar manyan kalmomi ba ita ce iya Turanci ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili a jaridar nan tamu mai farin jini, in yi magana da ɗalibai da iyayensu da 'yan'uwana malamai a kan wani abu da ya daɗe yana sosa mini rai. Shekara 31 na yi ina koyar da Turanci kafin in ajiye alli, saboda haka laifin da zan ambata ni ma ina da kaso a ciki.

Makon jiya jikata ta kawo mini littafin da take tara kalmomi, tana murna. Ta ja layi a tsakiyar kowane shafi, kalma a hagu, ma'ana a dama. Na ga "ubiquitous", na ga "magnanimous", na ga "procrastinate". Na rufe littafin na yi mata tambaya, ta kawo su tiryan-tiryan babu gargada. Ana cikin haka bironta ya daina rubutu, ta miƙo hannu ta ce, "Kaka, borrow me your pen." Na ba ta biron, amma jikina ya yi sanyi.

Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, Hausa ce take magana da bakinta. Mu tushe ɗaya muke amfani da shi ko ta wane ɓangare: na ari littafi, na ara masa littafi. Abin da ya dame mu shi ne bambancin aro da rance, wato ko abin da ka karɓa shi kansa za ka mayar, ko kuwa madadinsa za ka biya. Bature bai damu da wannan ba, keke ne ko kuɗi duk ɗaya ne a wurinsa. Shi damuwarsa ina abin ya nufa: mai karɓa yana "borrow", mai bayarwa yana "lend". To wanda ya rubuta wa yaro "borrow" a hagu, "aro" a dama, bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Haka "ji" yake. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin yare, alhali Turanci ya raba su zuwa "hear" da "smell" da "feel" da "understand". Daga nan ne "I am hearing smell" ya samo asali, kuma babu yawan haddar manyan kalmomi da zai yi maganinsa.

Gaskiyar magana, manyan kalmomin nan su ne masu sauƙi. Yawancinsu baƙi ne a Turancin kansa. Bayan da Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin kuma na coci da masu ilimi, shi ya sa sau da yawa za ka tarar da kalma uku a kan abu guda: "ask" ta gida, "question" daga Faransanci, "interrogate" daga Latin. Ta ukun aikinta ɗaya ne, titsiye mutum da tambaya irin ta 'yan sanda, in ka san wannan ka gama da ita. 'Yan ƙananan su ne masu wuyar sha'ani. Ɗauki "put". In ka ƙara mata "off" ta zama ɗage abu zuwa wani lokaci, in ka ƙara "out" ta zama kashe wuta, in ka ce "put up with" kuma haƙuri da abin da ba ka so ke nan. "Look after" kula ne, "look for" nema, "look down on" raini. A 1953 wani malami, Michael West, ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma irin waɗannan ƙananan ne suka cika shi. Yaron da ya riƙe su da kyau zai rubuta wasiƙar da ba za a yi masa dariya ba. Wanda ya tsallake su ya tafi farautar "ubiquitous" kuwa ya yi gini a kan yashi.

Kuma kalma ba ta tafiya ita kaɗai, tana da abokan tafiya. A ce Bature ya haddace cewa "ci" shi ne sa abu a baki a haɗiye, ranar da ya ji an ci jarrabawa, an ci bashi, an ci amana, an ci mutunci, ai sai ya riƙe baki. Mu ma haka muke a harshensa. Ruwan sama mai ƙarfi "heavy rain" ne, iska mai ƙarfi kuma "strong wind", in ka musanya su kowa zai gane ka, amma kowa zai san baƙo ne. Ana "make a mistake", ana "do homework", ana "pay attention" ba tare da an biya ko sisi ba. Wannan ne ya sa nake ganin girman ƙamus irin na A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan, kamfanin Oxford ya buga aikinsa a 1948. Ya san ciwon mai koyo, sai ya riƙa sa kalma cikin jimla, yana nuna wadda ake ƙirgawa da wadda ba a ƙirgawa. Da ana duba wannan gurbin da mun huta da "furnitures" da "equipments" da "an advice".

Salon magana kuwa, ni kaina na sha kunyarsa. Ina sabon malami, muna zaune a ɗakin malamai da wata Baturiya da ke koyarwa tare da mu, na ce mata ajin nan ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ta ɗaga kai daga takardun da take dubawa ta ce, "You can say that again." Na ɗauka ba ta ji ba ne. Na gyara murya na maimaita, a hankali, da ƙarfi. Ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido, sannan ta bayyana mini cewa nufinta ta yarda da ni ɗari bisa ɗari. Kowace kalma a jimlar nan na san ta tun ina firamare. Irin wannan dunƙule ake ɗaukarsa, kamar yadda ba a tambayar mai shan iska da wane kofi ya sha. Sai dai ina jan kunnen ɗalibai: kada a cusa su a kowane layi don burga. Guda ɗaya a inda ya dace ya isa.

Sai tagwayen da ke rikita mutane. Wasu kunnenmu ne ke haɗa su, don Hausa ba ta raba "p" da "f" kamar Turanci. Na taɓa duba takardar da yaro ya rubuta wa mahaifinsa "I defend on you", yana nufin "depend", ya mayar da dogaro kariya. Wasu kuma rubutu ne: "lose" asara, "loose" sako-sako, "advice" suna, "advise" aikatau, "stationary" abin da ke tsaye cak, "stationery" kayan rubutu, wadda nake ce wa ɗalibaina su tuna da harafin "e" na "envelope". Kada a dogara da jan layin kwamfuta ko waya, don duka biyun kalmomi ne na gaskiya, ba lallai ta tanka ba.

Abin da na sa jikata ta yi ba shi da wuya. Ta sami sabon littafi, babu layi a tsakiya. In ta haɗu da kalma a karatu ko a rediyo, sai ta kwafe jimlar sukutum, ta ja layi ƙarƙashin kalmar da maƙwabtanta, sannan ta ƙirƙiri tata jimlar a kan abin da ya shafe ta. Biyar a mako sun wadatar. Ta duba su gobe, ta sake bayan kwana uku, ta sake bayan mako. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan hadda, don haka waiwayen farko shi ne mai tsada.

Roƙona gare ka, Malam Edita, in za ku riƙa ware wa masu koyon Turanci fili, a rage jerin kalmomi goma-goma masu ma'ana a gefe. A ɗauki biyu ko uku, a sa su cikin jimla, a nuna inda Hausa za ta ja mai karatu ya zame.

Jiya yarinyar ta aiko mini saƙo ta waya: "Thank you for lending me your pen." Na ji daɗi ƙwarai. Biron dai har yanzu bai dawo ba, na kuma aika mata cewa aro na ba ta, ba kyauta ba.

Naka,
Wani tsohon malamin Turanci