A Daina Tara Adakar Manomi da AK-47 a Lissafi Ɗaya

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi a sakandare a nan Zariya, kuma kullum nakan faɗa wa ɗalibai cewa buhu uku da mudu biyu ba biyar ba ne. To irin wannan tarin ake yi mana da alƙaluman bindiga.

Sai a baje makamai a kan tebur gaban 'yan jarida, a ce an ƙwato bindigogi kaza. Wanda ya ƙura wa hoton ido sau da yawa zai ga adaka ce ta maƙeri ta fi yawa. Na san irinta domin a gidanmu na tashi na gan ta. Ƙanena da ke noma a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Giwa shi ya gaji ta mahaifinmu, ƙotarta ta tsage an ɗaure da robar tayar keke. Sai an ɗura albarushi, an danna da sanda, sannan ta yi harbi ɗaya. Bara aka zo aka karɓe ta tare da na 'yan bangar ƙauyen, ta shiga lissafin nasara. Waɗanda suka hana shi noma gonarsa ta bakin daji kuwa, nasu makaman suna hannunsu.

Dokar bindiga da muke aiki da ita ta 1959 ce, tun kafin 'yancin kai. Ta raba makamai gida uku: na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, irin su mai baki biyu sai lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta gargajiya kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha ke bayarwa. Tun da doka da kanta ta bambanta su, me ya sa rahoto zai cakuɗa su?

Akwai kuma adadin da ake yawan ambata, wai bindiga sama da miliyan 6 na hannun farar hula a Najeriya. Ƙiyasin Small Arms Survey ne, wata cibiya mai bincike kan ƙananan makamai, na 2017, ba ƙirge aka bi gida-gida aka yi ba, kuma bai nuna cewa duka na 'yan ta'adda ne ba. Adadin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya: makamai 178,459 da ba a san inda suke ba daga rumbunan 'yan sanda zuwa Disamba 2018, cikinsu har da AK-47 guda 88,078. Mun saba ɗora laifin yawaitar makamai kan rushewar Libiya a 2011, da gaskiya a ciki, amma ɓarakar cikin gida fa?

Lissafin gawa ma haka yake. Maƙwabcin ƙanena da aka harbe a gona, kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwanci. Ba asibiti, ba takarda. Allah ya jiƙansa. Idan aka ce kisa ya ragu, sai mu tambaya: kisan ne ya ragu, ko mutane ne suka gaji da kai rahoto?

Kada a ɗauka ina kiran kowa ya mallaki bindiga. Lokacin da gwamnatin Zamfara ta yi irin wannan kira a 2022 ban goyi baya ba, domin na ga yadda rikicin iyakar gona ke zama zubar da jini idan makami na kusa.

Roƙona ga wakilanku shi ne, duk ranar da aka gayyace su holin makamai, su tambaya nawa ne na yaƙi a ciki, a hannun wa aka same su, kuma lambar da ke jikinsu ta wane rumbu ce.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Tsohon malamin lissafi,
Tudun Wada, Zariya.