Rahoton kwamitin gini kan sabuwar bargar dawakinmu

Assalamu alaikum warahmatullah iyayenmu, yayyenmu da sauran 'yan uwa masu taimakon wannan gida na kula da dawaki marasa lafiya da tsofaffi. Ni ne sakataren kwamitin gini, shugaba ne ya ce in zauna in rubuto muku yadda aiki ya tafi tunda ba kowa ya samu zuwa zaman ranar Asabar ba, wasu suna Kaduna wasu suna Kano wasu kuma suna nan cikin birnin Zariya amma hidima ta riƙe su. To Alhamdulillahi barga ta kammala, yau kwana tara kenan dawaki suna kwana a ciki, an yi ruwa sau biyu a tsakanin nan kuma na biyun mai ƙarfi ne da iska, na je da asuba na duba ɗaki ɗaki ban ga inda ya jiƙe ba.

Waɗanda suka san tsohuwar rumfarmu ba sai na tsaya bayani ba. Ga sababbin shiga kuwa, wurin namu yana bayan gari ta wajen Wusasa inda ake hango dutsen Kufena, fili ne da wata Hajiya ta ba mu aro tun farko daga baya ta ce ta bar shi sadaka, Allah Ya saka mata. Abin da muka fara da shi turaku ne da rumfar kara da tsofaffin kwanuka da aka tsinto nan da can, a haka muka yi shekaru. Daminar bara a watan Agusta iska ta yaye rabin rufin cikin dare, gari ya waye dawaki suna tsaye cikin taɓo har ya rufe kofato, kuma dama ƙasan ya riga ya zurma saboda fitsari da tonon da suke yi da ƙafa, sai ya zama kamar kwano yana tara ruwa. Ba a yi sati uku ba huɗu daga cikinsu suka kamu da ruɓewar kofato, in ka ɗaga ƙafar sai ka ga baƙin ruwa yana fita ga wari, tsohon akawal (baƙin doki) ɗinmu da yara ke so ya kai ba ya iya taka ƙafar baya. Wallahi ranar da na ga yana tsaye da ƙafa uku yana rawar jiki ban iya cin abinci ba. A nan ne aka ce a kafa kwamiti.

Mu a Zazzau kowa ya san darajar doki ranar hawa. In aka fito hawan sallah ko hawan bariki daga fada har titi ba masaka tsinke, kowa na son nasa ya fi kyau. Amma mu abin da ke zuwa hannunmu shi ne dokin bayan hawa, wanda aka yi hayarsa kwana uku a jere yara suna sukuwa a kan kwalta har sirdi ya ci masa baya ya zama gyambo, ko wanda ya tsufa haƙora suka ƙare ba ya iya tauna, ko wanda mai shi yana sonsa tsakani da Allah amma tsadar gero da dusa ta fi ƙarfinsa. Ba mu zagin kowa, akwai dattijon da ya jawo nasa da ƙafa tun daga Tudun Wada ya miƙa mana ragama yana share hawaye. Na faɗi wannan ne don a gane irin ginin da muke buƙata, dokin da ke zuwa mana mara lafiya ne ko tsoho, don haka ɗakin jinya muka gina.

Abin da aka yi ɗakuna shida ne a jere, kowanne ƙafa 12 tsawo ƙafa 12 faɗi don doki ya iya juyawa ya kwanta ya tashi ba tare da ya maƙale a bango ba, sai ɗaki ɗaya can gefe shi kaɗai, da ɗan sito na harawa da magani, da wurin wanki. Mun juya bayan ginin gabas saboda duk mun san daga can hadari ke tasowa, hunturu ma ta wajen arewa maso gabas yake bugowa, ƙofofi suka kalli yamma. Bulo ya tsaya a daidai ƙirjin mutum, daga nan zuwa sama rodi ne iska na ratsawa kuma dawaki na ganin juna, don doki dabba ce mai son 'yan uwa in ka kulle shi shi kaɗai ba ya ganin kowa sai ya rame ko da abinci a gabansa. In sanyi ya shigo za mu rataya buhuna a wajen. Rufi mun ɗaga shi sosai mun bar tazara tsakanin bango da kwano saboda zafin watan Maris da Afrilu, katako kuma duk an shafe shi da baƙin mai kafin a ɗora saboda gara.

Inda aka fi daɗewa ana ja-in-ja shi ne daɓen ƙasa, zama uku muka yi a kansa. Magini da wasu cikin kwamiti sun ce a zuba siminti ko'ina a huta, ya fi kyau a ido ya fi sauƙin wankewa, ni ma da farko ina bayansu. Baba mai kula mana da dawaki, wanda tun yana yaro yake aikin barga, ya ce shi bai yarda ba, ya ce siminti in fitsari ya zuba santsi yake yi, doki mai ƙarfi ma yana zamewa balle wanda yunwa ta ci, kuma tsohon doki in ya kwanta a kansa gwiwoyi da gaɓoɓi suke saɓulewa. Muka kai maganar wajen likitan dabbobi da ke zuwa mana daga Samaru kyauta, ya ce Baba ya yi gaskiya. Sai aka haƙa kowane ɗaki aka zuba tsakuwa a ƙasa, aka kawo jar ƙasa aka riƙa yayyafa ruwa ana daɓewa kaɗan kaɗan har ta yi tauri, aka ɗan karkata ta baya yadda duk abin da ya zuba zai gangara kwata, kwatar ce kawai aka yi da siminti ta bi bayan ɗakuna ta faɗa rami mai murfi nesa da rijiya. A sama muna shimfiɗa buntun shinkafa ko garin katako. Wurin wanki da hanyar wucewa an zuba siminti amma kafin ya bushe birkila ya bi shi da tsintsiyar kwakwa ya yi kaushi. Wannan aikin na ƙasa ya ci kwanaki fiye da ɗora bulo kuma wanda ya zo kallo ba zai gan shi ba, wasu sun zo sun ce ina fenti, to kuɗin fenti ne ya tafi can, kwamiti ya yi haka da saninsa kuma ni a yau ba na da-na-sani ko kaɗan, ku shiga da safe ku ji, babu zarnin nan da ke shiga ido.

Ɗakin gefe kuma wasu sun ce ɓarnar bulo ne. Dalilinsa duk dokin da aka kawo sabo sai ya yi sati uku a can da bokitinsa da kominsa daban kafin ya haɗu da saura, saboda mura da ƙazuwa da kaska da tsutsar ciki ba duka ake gani ranar farko ba. Da can muna ɗaure baƙo kusa da na gida don ba mu da yadda za mu yi, kuma mun ga abin da hakan ya jawo.

Sai ruwa. Burtsatse ta fi ƙarfin aljihunmu, don haka tsohuwar rijiyar filin aka yashe aka ƙara mata zurfi aka yi mata baki da murfi, aka sa ɗan famfo mai sola yana turawa tanki, indararon rufi ma an haɗa shi da wani tankin. Doki ɗaya yana shan lita 25 zuwa 50 a rana gwargwadon zafi, wato jarka ɗaya zuwa biyu, ku lissafa da dawaki bakwai ga wanki ga wanke miki, ku ga abin da a da muke biyan 'yan garuwa duk rani.

Ba za mu ɓoye inda aka samu matsala ba. Tifar yashi ta farko da aka kawo rabinta ƙasa ce, magini ya damƙa a hannu ya ce ba zai yi aiki da ita ba, aka sha fama kafin mai kawowa ya yarda ya canza. Kuɗin dakon kaya ma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 bai sake sauka ba, siminti kuwa kuɗin da muka lissafa a takarda daban wanda muka tarar a kasuwa daban, shi ya sa aiki ya tsaya cak wajen sati uku ana bulo ya kai rabi, ga azumi ya shigo leburori ba sa iya wuce azahar. Babban kuskure kuma namu ne mu 'yan kwamiti, mun ce wa mai walda ya yi ƙofofi ba mu rubuta masa awo ba, ya yi su ƙafa 3 irin na ɗakin mutane, alhali doki na buƙatar ƙafa 4 in ba haka ba zai riƙa buga ƙugu wajen shiga, dole aka fasa gefen bulo aka sake yanka ƙarfe. Asarar kuɗin jama'a ce kuma muna neman afuwarku a kai.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar tsintar ƙusa. Likita ya ja mana kunne cewa doki na cikin dabbobin da cutar sandarewar jiki (tetanus) ta fi saurin kamawa, ƙusa ɗaya ta shige kofato ta isa, don haka ya ce kar a shigo da ko ɗaya sai an tsabtace filin. Wani yaro mai gyaran rediyo ya kawo maganaɗisun tsofaffin lasifika aka ɗaura musu igiya, almajiran makarantar allo da ke maƙwabtaka da mu suka zo ranar Alhamis da ba karatu da izinin malaminsu suka yi ta ja a ƙasa layi layi tun hantsi, sun cika gwangwanin madara babba sau biyu da ƙusa da guntayen waya da yankan kwano. Iyayenmu mata na unguwa suka dafa musu shinkafa da wake. Bayan nan ne aka yi wa dawakin allura aka shigo da su, akawal ne ya fara shiga, ya shinshina ƙasa ya zagaya sau biyu sai kawai ya kwanta ya yi birgima a cikin buntu, Baba ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Maganar kuɗi, kaso mafi girma ya tafi a kwano da katako, sai siminti da bulo, sai sola da tankuna, sai ladan ma'aikata wanda shi ma kafinta ya yafe rabin nasa. Duk rasit suna wajen ma'aji, an kuma liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar sito, duk wanda ya ba da ko naira ɗari ce yana da haƙƙin ya zo ya duba ya yi tambaya. Akwai sauran bashi wajen mai kwano, ya ɗaga mana ƙafa zuwa kaka.

Yanzu yadda rana ke tafiya, bayan sallar asuba Baba da yara biyu suna kwashe kashi su canza shimfiɗar da ta jiƙe, a ba da ruwa da harawa, a ɗaga ƙafa huɗun kowane doki a sakace kofato, da hantsi a wanke masu miki a sa magani a fito da su su sha rana, da la'asar a zagaya da su a hannu. Takin muna tarawa manoman kusa suna ɗiba, yarjejeniyar ita ce in kaka ta yi su biya mu da harawar wake da ta gyaɗa. Ɗaliban likitancin dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello suna leƙo mu wasu ranakun Asabar suna taya mu, mai injin niƙa na bakin hanya kuma bai fasa aiko da dusa ba.

Roƙo biyu dan Allah. Masu zuwa da gero ko dawa a leda, ku miƙa wa Baba kar ku zuba wa doki da kanku, dokin da ya daɗe da yunwa in ya cika ciki da hatsi lokaci ɗaya yana iya mutuwa, doki ba ya amai, ciwon ciki a wajensa ba ƙaramin abu ba ne, da harawa kaɗan kaɗan ake fara ɗaga shi. Na biyu, masu kiran shugaba suna neman haya don kilisa ko hawan angwanci tunda sun ga dawakin sun fara murmurewa, kwamiti ya yanke ba za a bayar ba ko nawa ne, ko da kuwa bashin nan yana kanmu.

Abin da ya rage katanga ce ta ɓangaren kudu, yanzu waya ce kawai kuma awaki na shigowa suna cin harawa, sai kuma ragar sauro da muke son sa wa ɗakin gefe saboda ƙudaje da ƙananan ƙwari masu cizo da ke yawa da damina. Babbar sallah ta matso, kuma mun saba bayan hawa da sati biyu ake fara kiranmu, ɗaki ɗaya ne kawai babu kowa a ciki tunda akwai wata goɗiya da ɗanta da suke ɗaki ɗaya tare. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za a yanki ciyawa a bakin fadama, mai lauje ya taho da nasa don namu guda uku ne.

Wassalam, sakataren kwamitin gini a madadin shugaba da sauran 'yan kwamiti.