Kazar gidanmu ma tana renon 'ya'yan da ba nata ba

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan hotunan da matasanmu ke ta yaɗawa a Facebook, na dabbobin da ke renon 'ya'yan wasu dabbobi.

Wanda ya fi tashe shi ne na zakanyar nan ta gandun dajin Samburu a Kenya, wadda a ƙarshen 2001 ta ɗauki ɗan mariri, wani dangin barewa, tana gadinsa maimakon ta cinye shi. Abin al'ajabi ne, ban musa ba. Sai dai masu yaɗawa ba sa faɗin ƙarshen labarin. Ba ta iya shayar da shi ba, ita kanta ta rame don ta daina farauta, kuma bayan kamar mako biyu wani zaki ya lallaɓo ya kashe shi.

Ni mai kiwon zabi ne a wajen Funtuwa, kuma reno irin wannan, wanda ke kaiwa ga gaci, duk damina ina ganinsa a bayan ɗakina. Zabuwa gwanar saka ƙwai ce amma ba ta da haƙurin kwanci. A jeji take zubawa, motsi kaɗan ta watsar. Shi ya sa tun iyayenmu ake kwaso ƙwan a sa wa kaza. Ita kuwa baiwar Allah ba ta tambayar na wane ne. Ta kwanta, ta ƙyanƙyashe, ta tona musu gara, shirwa na giftawa ta buɗe fukafukai su shige. Zabin da kaza ta rena ma sun fi sabo da gida, da magariba za ka gan su sun biyo ta har bakin akurki, ko da sun fi ta girma.

Inda sababbin masu kiwo ke tafka asara shi ne haɗa ƙwan kaza da na zabi rana ɗaya. Na kaza kwana 21 yake yi, na zabi kuwa 26 zuwa 28. Da 'yan tsakinta sun fito sai ta tashi da su, sauran su zama baragurbi. In dole sai an haɗa, a fara sa na zabin da mako guda. Sannan kada a sake su da sassafe, raɓa na kashe 'yan zabi fiye da yadda ake zato.

Yanzu kowa injin ƙyanƙyasa yake hanƙoro, a garin da wuta kan yi kwana biyu ba ta leƙo ba. Don Allah Edita, masu kula da shafinku na noma da kiwo su je ƙauye su tattauna da tsofaffin matan da suka san wannan aiki, kafin zabi su fara saka ƙwai a daminar bana.

Naku mai karatu,
daga Funtuwa, Jihar Katsina