An ba ni jagorancin malaman da suka girme ni, yaya zan tafi da su?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamar firamare ce, lissafi nake koyarwa. A wannan zangon aka ɗora mini jagorancin zaman ƙara wa juna sani na malamai. Mukan shirya darasi tare, ɗayanmu ya koyar, sauran su zauna a bayan aji su kalla, daga baya mu tattauna. A wajen horo an gaya mana daga Japan aka samo tsarin, kuma a can yadda yara ke fahimta ake sa wa ido, ba kurakuran malami ba. An koya mana cike fom da rubuta rahoto. Yadda za a tafi da mutane kuwa, ba wanda ya ce uffan. Ga shi ni ba hedimasta ba, ba sufeto ba, wanda ya halarci zaman ganin damarsa ne.

Akwai wani dattijo a cikinmu da ya fara koyarwa tun ban shiga aji ɗaya ba. Ya san aiki, ba musu. Yadda nake koyar da rabawa da murafen kwalba ma a wurinsa na ɗauka. Amma in ya karɓi magana sai lokaci ya ƙare, kuma duk wadda ta kawo sabuwar dabara sai ya ce, "Mun gwada wannan tun ba a haife ki ba." Nan take sababbin malamai su sunkuyar da kai suna latsa waya. In na katse shi a ce ba ni da kunya, in na ƙyale shi zaman ya koma lacca.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na wata malama da ta yi ƙarfin hali ta koyar da darasin rabi da rubu'i a gabanmu. Da aka zo tattaunawa, wanda ya fara magana cewa ya yi ba ta iya riƙe aji ba, sauran suka ɗora. Ba wanda ya ambaci yarinyar da ke kujerar ƙarshe, wadda ta ninke takarda sau biyu ta gano rubu'i da kanta. Malamar ta tattara allinta ta fita, ba ta sake zuwa ba, yanzu kowa gudun koyarwa yake a gaban 'yan'uwansa.

Ana cikin haka hedimasta ya ce in riƙa kawo masa sunayen masu rauni. In na yi, wa zai sake faɗin inda yake da matsala a gabana?

Malam, ta yaya zan rage wa dattijon nan magana ba tare da na zubar masa da girma ba? Da waɗanne kalmomi ake buɗe tattaunawa don gyara ya shiga ba a ji haushi ba? Ita malamar, in same ta ni kaɗai, ko in sa waɗanda suka yi maganar su ba ta haƙuri? Shi kuma hedimasta me zan ce masa?

Allah ya ƙara basira.

Taku,
Wata malamar firamare